Igiyar Takalmin Masaji

Duk cikin Ƙungiyar Sulke da Tuta, ta masu wasan kwaikwayon yaƙe-yaƙen kakanni, daga rassan arewa inda dusar ƙanƙara ke toshe ƙofofi har zuwa na tsibiran kudu, babu sulken da ya kai na Nagumo Teruo muni. Ba ƙazafi ba ne, shi ma ya sani. Sulken kowa igiyarsa launi ɗaya ce, an saƙa ta layi-layi tana riƙe da farantan ƙirji da na kafaɗa da na cinya. Nasa kuwa sai ka ce an share shagon tela an tattaro masa abin da ya zuba: ja a ƙirji, ruwan ɗorawa a ƙugu, wata baƙa da ta koɗe a cinya, sannan a kafaɗar hagu ga wata koriya shar mai kaushi, wadda ko ido a rufe ka shafa ta ka san igiyar takalmi ce.

Koriyar ta Masaji ce, kuma daga kanta abin ya faro. Masaji abokin Teruo ne tun suna ɗaukar jakar makaranta, kuma marowaci ne na bugawa a jarida. Lokacin da suka kafa reshen ƙungiyar a ƙauyensu na Okutani, kowa ya aika birni aka kawo masa igiyar sulke ta gaske, shi kuwa ya jira har shagon takalma ya tashi rufewa, ya saye kwali guda na igiyoyin da suka yi kwantai, ya ɗaure sulkensa da su. Shi ne ya fara mutuwa a cikinsu, mutuwar gaske ba ta filin wasa ba. Ranar da aka dawo daga ƙona gawa, Teruo ya zauna gaban sulken mamacin ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya zare igiya ɗaya ya saƙa ta a kafaɗar nasa, ya liƙe bakinta da ƙaro ta ciki. Daga nan ta zama al'adar reshe: duk wanda ya tafi, igiyarsa ɗaya ta koma jikin sulken shugaba. Teruo ne shugaban tun yana tuƙa bas ɗin da ke hawa kwarin, tun kafin a soke layin saboda rashin fasinja, don haka duk matattun Okutani a jikinsa suke.

Kowace kaka, in an gama girbin shinkafa, rassan lardin kan haɗu a bakin kogin da ya raba Okutani da birnin Hamazato, su maimaita yaƙin da kakanninsu suka gwabza a wurin. Kakannin Okutani aka ci da yaƙi a wancan zamani, saboda haka jikokinsu kowace shekara faɗuwa suke yi. Amma sun mayar da faɗuwar sana'a. Ƴan Hamazato suna da yawa da ganguna da sulken ƙarfe, amma mutane Teruo suke zuwa kallo, yadda yake riƙe tuta mashi ya same shi, ya durƙusa, ya yunƙura ya miƙe, ya kafa sandar tutar a cikin tsakuwa, sannan ya zube a gindinta. Akwai matan da suka san abin da zai faru sarai, amma sai sun share hawaye.

In an tashi daga wasan kuma, Fusae matar Masaji takan lallaɓo da sandarta. Ciwon suga ya cinye mata ido, sai dishi-dishi take gani. Takan kai hannu kafaɗar hagun Teruo, ta laluba har ta sami mai kaushin, ta ɗan ja ta kamar mai jan kunnen yaro.

"An sake kashe ka, ko?" takan ce wa igiyar. "Kai dai ba ka da wani aiki. To, tashi mu tafi gida."

Haka ake yi har shekarar da baƙi suka zo da damina.

A tsohuwar makarantar firamare reshen ke taro, wadda aka rufe tun da yara suka ƙare a ƙauyen. Ranar su uku ne suka samu zuwa: Teruo, da Toshie mai awara wadda bakinta ya fi wuƙarta kaifi, da tsoho Heizo mai riƙe mashi. Sauran biyun da suka rage gwiwa ta hana su hawan tudu. Baƙin kuwa su biyu ne. Ɗaya Katagiri, likitan haƙori, shugaban reshen Hamazato, mutum mai fara'a irin wadda ke sa ka ji kamar ka mare shi. Ɗayar Shinozaki, mai duba sulke daga hedikwata, ƴar ƙaramar mace da farar safar hannu.

Ta yabi shayin, ta yabi ruwan sama, ta yabi katakon makarantar, har Toshie ta fara kaɗa ƙafa. Can dai Shinozaki ta ajiye kofi ta sunkuyar da kai.

"Shugaba Nagumo, majalisar ƙungiya ta yanke cewa ƙananan rassa za su koma ƙarƙashin manyan da ke kusa da su. Bayan yaƙin bana, Okutani za ta shiga Hamazato."

"Tutarmu fa?" in ji Toshie.

"Za a naɗe ta cikin girmamawa a adana."

"A naɗe ta. Kamar zanen gado."

Katagiri ya yi dariya ya ɗaga hannu biyu. "Haba Toshie-san, ai ba korar ku aka yi ba. Ku zo da kayanku yadda suke, har da sulken Shugaba mai kama da shanyar unguwa, ba wanda zai ce muku uffan. Kuma ku duba, sau ɗaya dai a rayuwa ku ɗanɗani nasara. Ba ku gaji da kwanciya a taɓo ba?"

Heizo ya buga gindin mashinsa a ƙasa. "Kakana bai miƙa wa Hamazato wuya ba sai da suka sare wuyan. Ni ne zan miƙa da tsufana?"

"Baba Heizo, haƙoran da kake zagina da su ma ni na dasa maka."

"Shi ya sa suke ciwo!"

Teruo ya ɗaga kai. Idonsa na kan tutar da ke jingine da allo, baƙar tuta mai farin zanen ganye uku, wadda matan ƙauyen suka ɗinka a wannan ɗakin lokacin da hannuwansu ba sa rawa. Ya ji kamar an zare masa wani abu daga ciki. Ba wasan ne ya dame shi ba. An soke bas, an rufe makaranta, gidan waya ya koma birni, tutar nan kaɗai ta rage da ke fita waje ta ce akwai wani wuri mai suna Okutani.

Shinozaki ta gyara safar hannunta. "Akwai hanya ɗaya," ta ce a hankali. "Reshen da ke da mai shunayyar igiya ba a rushe shi muddin mai ita yana raye."

Shunayyar igiya ita ce ƙololuwar girma a ƙungiyar, ta alharini ce, kuma a duk lardin ba a taɓa ba kowa ita ba.

"Sunanka ya sha zuwa gaban majalisa, Shugaba. Kowa ya yarda ba mai faɗuwa irin taka. Abin da ke mayar da sunan baya kullum, ga shi can." Ta nuna sulken da ke kan mazauninsa a kusurwa. "Ka san ƙa'ida. Mutum da sulken da ya yi yaƙi da shi ake ba girman, tare. A warware shi duka a sake saƙa shi da shunayya, daga wuya har gwiwa, kada zare ɗaya na wani launi ya rage."

"Sai ya yi sabon sulke mana," in ji Toshie.

"Sabon sulke bai yi yaƙi ba."

"To a bar tsofaffin ta ciki, wa zai gani?"

"Ni," in ji Shinozaki, kuma ba ta faɗa da izgili ba. "Ina duba ciki. Ku yi haƙuri, in na kau da kai a Okutani sai na kau da shi a ko'ina. Na san ko igiyoyin su wa ne. Ban zo da sauƙin zuciya ba."

Gaskiya dai a faɗe ta: abin da Teruo ya fara ji ba baƙin ciki ba ne, daɗi ne. Wani zazzafan daɗi ya taso masa daga ciki har kunnuwansa suka yi ja. Shekara da shekaru yana ganin hotunan masu shunayya daga wasu larduna, yana cewa a fili abin banza ne, a zuci kuma yana auna yadda launin zai kwanta a ƙirjinsa. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa mutane na kallon ƙeyarsa a cikin bas, ba a taɓa kiran sunansa gaban taro ba. Sai da daɗin ya gama ratsa shi sannan kunya ta biyo baya, kuma ba ta kori daɗin ba, zama ta yi kusa da shi.

Da baƙin suka tafi, Toshie ba ta jira ƙarar motarsu ta ɓace ba.

"Yanke," ta ce.

"Toshie..."

"Mai ruwan ɗorawar nan ta ƙugu ta yayana ce, ni kuma na ce ka yanke. Matacce ba ya jin almakashi. Kana so in tsufa in ga kaina ina bin gangar mai cire haƙori?"

Heizo ya daɗe yana kallon sulken. "Ni fa?" ya ce. "In na tafi, ina za a sa tawa? Na ma zaɓi wurin, nan ƙasan ta Masaji."

Amsar a fili take. Sulken shunayya ba ya karɓar wata igiya. Toshie ta tattara kofuna da ƙarfi har suna karo da juna.

"In tuta ta tafi, Baba, wa zai ma san ka mutu? Ƴan Hamazato za su ce wane ne Heizo, su ci gaba da cin abincinsu." Ta juya ga Teruo, muryarta ta sauka. "Fusae ce kawai. Ita kam da bakinka za ka je ka gaya mata. Kada ka bari ta ji a wani wuri."

Ya ce zai je, kuma ya je. Da ruwa ya ɗauke wata safiya ya hau tudun gidanta, yana ta jera maganar a ransa, ya gyara nan ya sauya can. Ya same ta a bakin baranda tana ɓare wake a cikin kwano, yatsunta na yi ba tare da ido ba.

"Wannan takun na Teru-chan ne," ta ce tun bai yi sallama ba. "Kullum kamar mai taka birki. Shigo, cire takalmi, kada ka taka min wake."

Duk ƙauyen ita kaɗai ta rage da ke kiransa da wannan sunan na yarinta. Ya zauna, ta zuba masa shayi rabi a kofi rabi a faranti, ya sha abinsa. Suka taɓa zancen ruwa da na birai da suka addabi gonar maƙwabcinta. Sannan ya fara daga inda ya ga ya fi sauƙi.

"Yaya Fusae, hedikwata ta ce bana za a ba ni shunayya."

Kwanon ya kusa kifewa. Ta tafa hannu kamar yarinya, ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki inda hoton Masaji yake kan ɗan teburin turare. Yana jin ta ta kaɗa ƙaramar ƙararrawa.

"Ka ji, marowaci? Za a ba ku shunayya, kai da Teru-chan! Da igiyar takalmi! Duk masu sulken ƙarfen nan suna tsaye, kai kana kan kafaɗa ana rusuna maka. Oh, ni Fusae, da na ce maka ka sayi ta gaske ka ƙi, ashe kai ka san abin da kake yi."

Ta fito tana dariya tana goge ido da bayan hannu. Teruo ya buɗe baki. Maganar da ya jera tun daga gindin tudu tana nan cif a kan harshensa, amma ya dubi fuskar tsohuwar, wadda rabonsa da ganin ta haka tun mijinta na da rai, sai ya ji harshen ya yi nauyi. Ya ce a ransa bari ta gama murnar yau, zai dawo. Ta cika masa leda da wake, ta raka shi bakin ƙofa tana cewa lallai ranar ya wanke wuyansa da kyau.

Bai dawo ba. Ya sha kama hanyar, sai ya tsinci kansa ya juya wajen gadar kogi. Da Toshie ta tambaye shi ko ya je, ya ce ya je, kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ƙarya muni ya yi.

Alharinin ya iso cikin akwatin katako mai ƙamshi. Teruo ya shimfiɗa farin ƙyalle a barandarsa da hantsi, ya kwantar da sulken, ya ɗauki basilla da nufin zare kowace igiya ɗungurungum, ko ba komai a mayar wa iyalan abinsu cikakke. Ina! Shi da kansa ya liƙe su, kuma ya liƙe su liƙin wanda ba ya nufin a taɓa cirewa. Ƙaron ya bushe ya zama dutse a cikin hujojin. Duk wadda ya ja sai ta tsinke ko farantin ya nemi tsagewa. Dole ya ɗauko almakashi, ya riƙa yanka tsakanin huji da huji yana tsinto guntayen da hantsaki.

Ya fara da jar ƙirji, ta malamin makaranta Sugiura wanda ya koya musu yadda ake ɗaure kwalkwali. Ya bi da baƙar cinya, ta mai gyaran kekuna da ya mutu yana bin kowa da zolaya. Ta yayan Toshie ta fi kowace saurin yankuwa, abin ya ba shi haushi ba dalili. Kowace ya yanka sai ya ambaci sunan mai ita ya ce a yi haƙuri, tun yana faɗa da ƙarfi har ya koma faɗa a zuci, don ya lura maƙwabciyarsa ta daina shara tana saurare. Guntayen ya zuba su a tsohon gwangwanin shayi. Launukan suka cakuɗe, ba ka iya cewa ga wane ga wane.

Koriyar ya bar ta. Ya saƙa shunayya ko'ina, layi bayan layi, zafi ya zo ya wuce, shinkafa ta nuna a gonaki, koriyar na nan ita kaɗai a kafaɗar hagu kamar ƙuda a cikin nono. Yakan zauna ya zuba mata ido, ya ce wataƙila Shinozaki ba za ta zo ba, wataƙila majalisa ta sauya shawara, wataƙila ma ya je ya ce wa Katagiri sun yarda, a naɗe tutar a huta. Sai ya tuna baƙar tuta a cikin akwati, da Heizo yana tafiya a bayan gangar Hamazato, ya ji ba zai iya ba. Kuma in ya kalli yadda alharinin ke ɗaukar hasken rana, ya san ba tutar kaɗai ke riƙe da shi ba.

Da aka aiko cewa Shinozaki na tafe duba sulke, ya ɗauki almakashin. Igiyar Masaji ta ƙi yankuwa. Zaren roba ne irin na takalman hawan dutse, almakashin ya riƙa taunar ta yana zamewa.

"Kai ma dai," in ji Teruo. "Ko a nan sai ka yi rowa? Saki mana."

Sai da ya ɗauko wuƙar aski. Guntu mafi tsawo da ya samu bai wuce ɗan yatsa ba. Bai sa shi a gwangwani ba, ya cusa shi a aljihun rigar da yake sawa ƙarƙashin sulke.

Shinozaki ta zo ta duba waje, ta duba ciki, ta cire safar hannu ta shafa kafaɗar hagu da tafinta, ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta rusuna masa har goshinta ya kusa taɓa tabarma. Sulken ya yi kyau, wannan ba gardama. Bayan ta tafi Teruo ya kama kansa tsaye gabansa yana murmushi, ya ji ya tsani kansa.

Ranar yaƙi gari ya waye tangaran. An rataye kanya tana bushewa a barandun gidajen da suka rage da mutane, kogin ya janye ya bar farar tsakuwa. Jama'a ta fi ta kowace shekara, don labari ya bazu cewa za a ba da shunayya a lardin. Ƴan Hamazato suka fito da gangunansu sahu-sahu. Ƴan Okutani suka fito su biyar, har da masu ciwon gwiwa, waɗanda suka ce ko da rarrafe sai sun zo.

Teruo ya yi faɗuwar da bai taɓa yin irinta ba. Mashin Katagiri ya same shi a haƙarƙari, ya durƙusa, ya miƙe, ya yi tangaɗi, ya kafa tutar, ya riƙe sandarta yana zamewa a hankali har fuskarsa ta taɓa tsakuwa. Filin ya yi shiru, sai ƙarar ruwa. Yana kwance yana jin sanyin dutse a kuncinsa, ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba: sulken ya yi masa sauƙi, kamar ba shi da kowa a jikinsa.

Aka buga babbar ganga, aka kira sunansa, cikakken sunansa, ta lasifika har duwatsu suka amsa. Ya durƙusa gaban rumfar manya. Shinozaki ta ɗaura masa tuntun shunayya a bayan kwalkwali, ta juya ga jama'a ta sanar cewa tutar Okutani za ta ci gaba da tsayawa da ƙafarta. Katagiri ne ya fi kowa tafi, kuma da zuciya ɗaya yake yi, har ya zo ya rungume shi sulke na karo da sulke. Toshie ta juya baya tana fyace hanci tana zagin hayaƙin masu gasa kifi. Heizo ya ɗaga mashi sama ya yi wani ihu da ya sa haƙoransa suka motsa. Teruo ya ji daɗi, daɗi na gaske, har ya manta.

Sai ya ji ƙwas, ƙwas, sanda a kan tsakuwa.

Fusae ta sa kimononta, doguwar rigar biki, wadda ta ɗaura wa ɗamara a karkace don ba mai duba mata. Mutane suka buɗa mata hanya. Tana tafe tana murmushi, hannunta na dama a gaba.

"Ina marowacin nawa? Ina mai girma? Teru-chan, sunkuyo, ka san ba ni da tsawo."

Ya sunkuya. Ba abin da zai yi sai ya sunkuya.

Yatsunta suka sauka a kafaɗar hagu, daidai inda suka saba. Suka tsaya. Suka gangara layi ɗaya, suka hau, suka bi gefen farantin har ƙarshe. Ta ɗan yi dariya, ta kai hannu kafaɗar dama, ta laluba nan ma, ta dawo hagu. Ko'ina santsi.

"Ka juya ne?"

"A'a, Yaya."

Ta bar hannun a wurin. Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa zamewa daga fuskarta. Toshie, da ke tsaye kusa, ta dubi Teruo, ta gane, ta dafe bakinta.

Ya fara magana, kalmomin na tuntuɓe da juna. Ƙa'ida, majalisa, tuta, Hamazato, ba yadda zai yi, ya so ya faɗa mata, ya zo ma ranar nan. Ya cusa hannu ta ƙarƙashin sulke da ƙyar ya zaro guntun koriyar, ya kama tafinta ya sa mata.

"Ga shi. Na ajiye miki. Ban yar ba."

Ta murza shi tsakanin yatsu biyu. Ta san shi, ba shakka.

"Irin wannan ina da su cike da aljihun tebur a gida," ta ce. "Kwali guda ya saya, har ya mutu bai ci rabinsu ba. Ba igiya nake zuwa taɓawa ba, Teru-chan. Ni dai na san yana fita yaƙi tare da ku, in an gama in zo in tafi da shi gida. Shi ke nan."

"Yaya, ki yafe..."

"Da ka gaya mini, da na ce ka yanke. Kana tsammani zan bari a naɗe tutar da na ɗinka wa ganye da hannuna? Da na zo na riƙe maka sulken kana yankawa. Da na yi masa sallama." Muryarta ba ta tashi ba ko kaɗan. "Ka bar ni ina kunna masa turare kullum ina ce masa ya shirya, za a rusuna masa. Yau da safe ma sai da na ce masa kada ya ba ni kunya."

Ta kamo hannunsa, ta mayar masa da guntun a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai. Sannan ta ja da baya, ta haɗa hannuwanta a kan sandar, ta rusuna masa irin rusunawar da ake yi wa baƙo mai muƙami.

"Shugaba Nagumo, ina taya ka murna. Ka yi wa Okutani ƙoƙari." Ta juya inda take jin numfashin Toshie. "Toshie, kama ni mu tafi, ƙafata ta gaji. Baɗi ba sai na zo ba, na huta da gangaren nan."

Toshie ta kama ta, ba ta ko kalli Teruo ba. Ya tsaya yana kallon bayansu suna hawa gaɓar kogi a hankali, ɗamarar nan a karkace, har jama'a suka rufe su.

Wani ya taɓa shi. Mai ɗaukar hoto ne daga hedikwata, yana so a yi na mai shunayya a gindin tutarsa kafin rana ta juya. Heizo ya riga ya riƙe sandar tutar, baƙin ƙyallen na kaɗawa a samansu da ganyensa uku. Teruo ya je ya tsaya inda aka nuna masa, hannunsa a dunƙule.

"Shugaba, ɗan juyo da kafaɗar hagu," in ji mai hoton. "Nan ne alharinin ya fi ɗaukar haske."

Ya juyo da ita.